Na Tsaya Salla Da Jini Don A Ce Na Daina Haihuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Hajiya mai wannan shafi, ina gaisuwa, ya aiki, ya fama da irinmu masu kawo miki kayan takaici? Masu karatu, ku ma ina gaishe ku, manya da yara. Don girman Allah a ɓoye sunana, waɗanda zan ambata ma duk na canja musu suna. Kuma ina roƙo, kafin wata 'yar yarinya da ba ta gama sanin ciwon mara ba ta zo ta rubuta mini "Baba ki ji tsoron Allah", ta daure ta karanta har ƙarshe. Tsoron Allah ne ya hana ni cin abinci kwanakin nan. Shawara na zo nema, zagi kuwa na riga na yi wa kaina wanda ya ishe ni.

Ni mutuniyar Karaye ce, Unguwar Hajji, shekaruna sun doshi hamsin. Aurena na fari ya mutu da daɗewa, na dawo gidan yayana aka ba ni ɗakin da ke jikin turken awaki. Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. 'Ya'yana mata duk suna ɗakin mazansu, har na ga jikoki. Wadda ba ta taɓa zaman zawarci da furfura a gidan ɗan'uwa ba, ba za ta gane ba. Kowa yana durƙusawa ya gaishe ki, kowa kuma yana jiran ranar da za ki tashi a zuba masara a ɗakin.

Malam Buba mutumin Fulatan ne a ƙasar Rogo, Bafillace, dattijo mai shanu da gonar dawa. Matarsa ta rasu, ya zauna shi kaɗai, matan 'ya'yansa suna aiko masa da tuwo in sun tuna da shi. Ranar kasuwa yakan biyo ta gidanmu sayen tunkuza saboda shanun da yake turkawa. Tun yana saye ya wuce, har ya fara tsayawa shan ruwa, har ya koma zama a bakin zaure yana ba ni labarin maraƙin da ya ƙi kama nono, sai ka ce ni na tambaye shi. Bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Mai ƙuli". Ranar da ya ce zai turo wajen yayana, ɗaki na shiga na turo ƙofa na yi ta dariya ni kaɗai. Ba na jin kunyar faɗa, na so mutumin nan, kuma har gobe ina sonsa.

Sai 'ya'yansa suka tashi. Ba yara ba ne fa, ƙatti ne masu gemu da iyali, babbansu Sale. Salen nan in kika gan shi kan babur da baƙin tabarau sai ki ɗauka wani abin kirki yake tsinanawa, alhali tun da aka haife shi bai taɓa sayen ko tunkiya da guminsa ba. Suka ce sun yarda Baffansu ya yi aure, amma da sharaɗi: sai macen da ta gama haihuwa, wadda jini ya ɗauke mata ƙaf. Dalili? Kada a haifo musu ƙani a ƙara kai a rabon gado. Ku ji fa! Uban yana tsaye da ƙafarsa, yana taka sayyada daga Fulatan har bakin titi ba sanda, su kuwa sun riga sun raba shanunsa a zuci, kowa ya san wadda zai ja ranar sadakar uku. Malam mutum ne mai gudun fitina, ya ce to. Ni da aka kawo mini maganar na ce wannan ai mai sauƙi ce, don tun kaka rabona da al'ada. Ga wani zafi da ke taso mini daga ƙirji zuwa fuska ana tsakiyar sanyi, in jiƙe sharkaf da gumi, ga saurin fushi ba gaira ba dalili. Duk matan da na sani sun ce alamar tafiyarta ke nan. Wallahi a lokacin da gaskiyata na ce na gama.

Amma 'ya'yan albarka ba su yarda da bakina ba. Suka turo Goggo Dudu, ƙanwar Malam, ta zo ta sauka gidan 'yarta da ke aure a Yola ta nan Karaye, wai ta zo jinyar ƙafa. Aikinta ɗaya ne, ta duba ni. Yadda suke buɗe bakin saniya a kara su duba haƙori kafin su taya, haka aka sa a yi mini, sai dai ni ba haƙori aka duba ba, salla aka duba. Ranar da ta fara zuwa, bayan mun gaisa gaisuwar da ba ta ƙarewa, ta sunkuyar da kai ta ce, "'Yar'uwa, ki yi haƙuri, aiko ni aka yi, ni ma kunya nake ji. Har yanzu kina fashin salla?" Na ce, "Goggo, ya ɗauke." Ta ce, "To madalla, Allah ya sa haka ya fi alheri." Daga ranar sai ta riƙa faɗo mini ba sanarwa, ba ta da rana tsayayya, amma kullum daidai azahar ko la'asar. Tana shigowa za ta ce, "Miƙo buta mu sauke farali tukuna." Mu jera kan tabarma ɗaya. Na san abin da take yi, ta san na sani, ba wanda ya ce uffan. Abin haushin, tsohuwar tana da kirki. Takan kawo mini man shanu a ɗan kwano, ta zauna ta taya ni murza ƙuli tana ba ni labarin ƙuruciyar Malam. Da mugunta ta zo mini da ita, da abin da na yi bai dame ni haka ba.

Haka muka yi har azumi ya kama, an sa ranar ɗaurin aure bayan ƙaramar salla. Ana tsakiyar azumin, wata rana gab da azahar na ji marata tana murɗawa irin murɗawar da na sani tun ina budurwa. Na zagaya. Jini. Bayan duk watannin nan, ya rasa lokacin dawowa sai yanzu! Ina fitowa daga bayan gida, ban ma gama ɗaura zane ba, sai ga sallamar Goggo, ga ladan yana kiran azahar. Ta ce, "Miƙo buta." Jama'a, me za ku yi in ku ne? Na kalli tsohuwar, na kalli ƙofar ɗakina da awaki suka yi wa kashi, na hango fuskar Sale yana cewa ai na faɗa muku. Na ɗauki buta. Na yi alwala a gabanta, gaɓa-gaɓa, har da tsefe yatsun ƙafa. Na tsaya kusa da ita na ɗaga hannu. A raina ina cewa ai ban yi niyya ba, sunkuyawa ce kawai da tashi, kamar Allah bai san abin da ke ƙarƙashin zanena ba. Na kai goshina ƙasa da jini a jikina, cikin watan azumi. Da muka sallame ta shafa addu'a ta ce, "Allah ya karɓa mana." Na buɗe bakina na ce amin.

Kuma ba sau ɗaya ba. Duk kwanakin da ya yi yana zuba, duk zuwan da ta yi na tsaya. Na ƙi cin komai da rana don kada yaran gidan su gani su kai labari. Tsummokaran da na yi amfani da su ma ba na shanya su a fili, a bayan buhun gyaɗa nake ratayewa. Ni da na yi saukar littattafan tsarki a Islamiyyar matan aure, ni da nake gyara wa 'yan mata hukuncin haila, ni ce na yi wannan. Daga baya na rama azumin a ɓoye na ce nafila nake yi. Na yi istigfari har bakina ya gaji. Na kuma lallashi kaina da cewa wannan jinin na bankwana ne, ya zo sallama ne ya tafi, wa zai taɓa sani?

Goggo ta koma Fulatan ta tara 'ya'yan Malam ta ce, "Na zauna da matar nan tun sanyi har salla, ban ga ta sha ruwa ba, ban ga ta bar salla ko ɗaya ba. Ta gama." Aka ɗaura aure. Ranar da aka kai ni, Sale har da yi mini barka da zuwa, yana washe baki, "Inna, gida naki ne." Inna! Da yake ya tabbata ba zan haifo wanda zai taɓa masa wutsiyar saniya ba, ai dole in zama Inna.

Zaman da na yi da Malam ban taɓa yin irinsa ba. Ba ya cin abinci sai ya ce in zo mu ci tare, abin da ya sa matan 'ya'yansa suke leƙe ta katanga suna ƙus-ƙus. Jinin kuwa bai sake dawowa ba, na ce alhamdu lillahi, asirina ya rufu. Da damina ta yi nisa sai na fara kasala, warin man shanu yana tayar mini da zuciya, ƙafata tana kumbura. Na sha jiƙe-jiƙen shawara, na sha na zazzaɓi, ba sauƙi. Har na fara tsoron ko ƙari ne ya fito mini a ciki. Na je asibiti. Wata malamar asibiti da ba ta wuce sa'ar 'yata ba ta yi mini tambayoyi, ta ce in kawo fitsari, na kawo ina harararta. Ta dawo ta ce, "Baba, ciki gare ki." Na yi dariya na ce, "'Yar nan, sake dubawa, na wani kika ɗauko. Ni na gama, jikoki gare ni." Ta ce, "Yaushe rabonki da ganin jini?" Ita ce mutum ta farko da na faɗa wa gaskiya, don ba ta san ni ba. Na ce cikin azumi.

Sai ta zaunar da ni ta ce al'ada ba rana ɗaya take ɗaukewa ba. Takan yi shekaru tana tafiya tana dawowa, ta ɓace watanni sannan ta leƙo. A tsakanin nan ƙwan haihuwa wani watan ya fito, wani watan ya ƙi, ba mai iya cewa ga ranarsa. Kuma ƙwan ne yake riga jinin zuwa, don haka mace tana iya ɗaukar ciki tana zaune tana cewa ai ni ban ga komai ba. Ta ce sai an shekara cur ba ko ɗigo sannan ake cewa ta tafi, daga nan kam ƙwai ya ƙare, ba sauran haihuwa. Zafin jiki da gumin da nake ji alamar an kama hanya ce, ba alamar an isa ba. Ta auna ni ta ce jinina ya ɗan hau, ciki a shekaruna yana son kulawa, kada in yi wasa da awo, kuma a asibiti zan haihu. Na fito ina tafe ina jin haushin kaina da na duk matan da na sani. Mu da muke zama gidan biki mu kwashe yini muna tsinka rayuwar mutane, wa ta yi ƙiba, wa mijinta ya yi mata zane, amma a cikinmu ba wadda ta san wannan. Mun haifi mutane mun aurar, jikinmu kuwa sai 'yar cikinmu ce za ta karanta mana shi.

Na samu Malam a gindin ɗorawa yana tufkar igiya. Na durƙusa na faɗa masa, ina jiran ya tambaye ni yadda aka yi. Bai tambaya ba. Ya ajiye igiyar, sai na ga hawaye yana bin gemunsa. Ya ce, "Wanda ya ba annabawa 'ya'ya bayan tsufa, shi ya ba mu. Mai ƙuli, wannan ladan sallarki ne." Da mari ya ɗauke ni da shi da ya fi mini sauƙi.

Ciki ba ya ɓuya. Yana fitowa gidan ya kama da wuta. Sale ya tara ƙannensa a zaure, muna jiyo shi daga cikin gida yana kumfar baki. "Mu makiyaya ne, ba a yi mana wannan wasan! Saniyar da ta tsufa ta daina, ba ta komawa. Ko dai Bahaushiyar nan ta yi mana ƙarya, ko Goggo ta haɗa baki da ita." Jiya Inna, yau Bahaushiyar nan. Ya sa aka kira Goggo, ƙanwar ubansa, matar da ta goya shi a bayanta, ya dube ta a gaban mutane ya ce, "Goggo, da kwalba nawa ta man gyaɗa aka toshe miki baki?" Tsohuwar ta fito, ta shigo ɗakina ta zauna a ƙasa tana kuka, tana cewa, "'Yar'uwa, ni da idona na gan ki. Ni za a ce wa maƙaryaciya da tsufana?" Ni kuma na dafa kafaɗarta ina ba ta haƙuri. Kun ga ƙarshen rashin kunya ko? Tun ranar matan 'ya'yan suka daina aika wa Goggo da nono, jikokin da ke kwana ɗakinta aka janye su.

Kada wani ya ce mini Sale yana da gaskiya. Ya canka daidai, amma ba shi da gaskiya. Mutumin da yake baƙin ciki da ɗan'uwansa tun yana cikin ciki saboda saniya, wace gaskiya gare shi? Wane littafi ne ya ba ɗa ikon gindaya wa mahaifar matar ubansa sharaɗi? Ɗan nan na Malam ne ko sun so ko sun ƙi, a kan shimfiɗarsa aka same shi, kuma in Allah ya raya shi zai ci gadonsa suna kallo. Wannan ba ya cikin abin da ke damuna. Abin da ke damuna maganar da Malam ya yi ce da ya fito ya tsawatar musu. Ya ce, "Ku ji da kyau. Matar da za ta tsaya gaban Ubangiji ba tsarki don ta yaudari mutane, ba za ta ƙara wuni a gidana ba. Amma tawa ba irin wannan ba ce." Don ya kare ni ya faɗa. Bai san hukunci ya yanke mini ba.

Sale ya ce in haka ne a rantse. Aka kai magana gaban liman, aka tsayar cewa Juma'a mai zuwa bayan an sauko, za a kawo izu sittin zauren Malam. Goggo ta dafa ta rantse kan abin da ta gani, ni kuma in dafa in rantse cewa tun daga zuwanta na farko har ɗaurin aure ban ga jini ba. Goggo ko a jikinta, gaskiyarta za ta faɗa. Ni kuwa na san ba zan iya ba. Na yi wasa da salla a azumi ɗaya a rayuwata na ga inda ya kai ni, ba zan ɗora hannu kan izu sittin da ƙarya ba ga rai yana motsi a cikina. Na yi tunanin in tsere Karaye in ce awo na tafi. Na yi tunanin in kwanta ciwo ranar. Na yi tunanin in ce ɗan ɗigo ne na ɗauka ba haila ba ce, alhali na san abin da na gani. Duk dabarar da na ƙulla sai in ga irin ta Sale ce, in ji ƙyamar kaina. A ƙarshe na yanke cewa in an miƙo mini zan janye hannuna kawai, kowa ya fahimci abin da ya fahimta.

To jiya da safe ina tankaɗe a tsakar gida Malam ya shigo, ya tsaya a kaina da fara'arsa. Ya ce, "Mai ƙuli, kwantar da hankalinki, na ga kin rame. Na je wajen liman na hana. Mai ciki ba za ta yi rantsuwa a gidana ba, ba za a tsayar da ke gaban yaran da na haifa ana kallon cikinki ba." A raina na ce Allah ya cece ni. Sai ya ƙarasa. "Ni zan dafa a madadinki. Liman ya yarda, Sale ma ya yarda." Rariyar ta suɓuce daga hannuna. Na ce, "Malam, ai ba ka nan lokacin. Yaya za ka rantse kan abin da ba ka gani ba?" Ya ce, "Ina nan yanzu. Ina ganin yadda kike tsayuwa in kin kabbara. Mai irin wannan tsayuwar ba ta wasa da salla." Ya shiga ɗaki ya fito da farar rigarsa ta zuwa idi, ya ce in wanke masa ita, da ita yake so ya tsaya ranar.

Na wanke. Tana kan igiya yanzu da nake rubuta muku wannan, tana shan iska. Ba abin da ake nema a wurina kuma, ba rantsuwa, ba magana, in yi shiru kawai in zauna a ɗakina, dattijon da bai taɓa yi mini ƙarya ba ya je ya ɗora hannunsa kan izu sittin saboda tawa ƙaryar. In na yi shiru, aurena ya tsira, Goggo ta wanku, Sale ya kunyata, kuma Allah ya sani ina son ganin kunyar Sale kamar yadda nake son ruwa. In na yi magana, Malam ba ya mayar da maganarsa, zan koma Karaye da ciki da furfura, Sale ya hau babur ya zaga Rogo yana ba da labari, kuma mutumin nan ba zai sake kallona in na kabbara ba.

Hajiya, masu karatu, malaman da ke cikinku, iyaye mata da suka wuce wannan gaɓar, Juma'a ta kusa kuma rigar ta kusa bushewa. Me zan yi?